Garka da Gona: Kafin a sayi ɗakin shuka, a karanta takardarsa

A ƴan shekarun nan, wanda ya ratsa garaken da ke kewaye da birnin Yamai da wasu manyan garuruwan Nijar yakan hangi wasu dogayen rumfuna na ƙarfe, an lulluɓe su da farar leda ko da raga. Su ne Faransawa suke kira «ser», wato ɗakin da ake noma a cikinsa, wanda za a kira ɗakin shuka a wannan fili. Masu sayensu ba su wuce iri uku ba: ma'aikacin da ya aje aiki ya karɓi ɗan abin da ya tara, ɗan kasuwar da ya ga tsadar tomati da damana ya yi sha'awa, da ƙungiyoyin matasa ko na mata da suka sami tallafi. Dukkansu ana miƙa musu takarda guda da Faransanci, cike da lambobi da kalmomin da ko wanda ya yi lakkwal mai zurfi bai saba da su ba. Mafi yawa sukan duba tsawo da faɗi, su duba kuɗi, su sa hannu. Alhali a cikin sauran layukan da aka tsallake ne ake gane ko ɗakin zai ba da amfani, ko kuwa tanderu ne aka saya da kuɗin gumin shekaru.

Asalin matsalar yana cikin tarihin abin. Don sanyi aka ƙirƙiro ɗakin shuka. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya, masu yi wa sarkin Rum Tiberiyus hidima suna renon kokwamba a cikin akwatuna masu ƙafafun gungurawa, suna rufe su da wani abu mai barin haske ya wuce, domin sarki ya ci ta ko da tsakiyar ɗari. A Faransa, tsakanin 1684 da 1686, an gina wa sarki Luwi na 14 babban ɗakin ajiyar itatuwan lemu a fadar Bersay, don kada sanyi ya kashe su. Ƙasar Holan ta yi suna da ɗakunan gilashi saboda rana ba ta ishe ta ba, zafi kuma sai an tara shi an riƙe. Ke nan duk yabon da ke cikin littattafan talla na Turai yabon abu ɗaya ne: ɗakin yana kama zafi, ba ya barin shi ya fita.

A Nijar kuwa zafi ba abin nema ba ne. A watannin Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi a Yamai yakan kai digiri 41 a inuwa kusan kullum, kuma Tawa da Birnin Ƙwanni ba su fi sauƙi ba. Shi tomati ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 27 da rana. In zafi ya haura 35, ƙurar furensa takan lalace, furen ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, ko da ganye ya yi shar. Ɗakin leda da aka rufe ruf yana iya ɗara zafin waje da digiri goma ko fiye da tsakar rana. Lissafin ba shi da wuya.

Wannan ba ya nufin ɗakin shuka ba shi da amfani a ƙasar. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, kayan garka sun yawaita da ɗari har suna ruɓewa a kasuwa: daga Janairu zuwa Maris kowa yana da tomati, daga Jiratawa har Miriya, farashi ya faɗi ƙasa. Riba tana ga wanda ya iya kawo kaya daga bazara zuwa ƙarshen damana, lokacin da fili ya gagara saboda zafin rana, da dukan ruwan sama, da ƙwari, da cututtukan ganye. Waɗannan su ne abokan gabar mai garka a nan. Saboda haka duk kalmar da ya ci karo da ita a takardar mai sayarwa, tambayarsa guda ce: wannan abin, daga wanne cikinsu zai kare shuka, kuma zafi nawa zai ƙara mata?

Kalma ta farko ita ce ta siffar ɗakin. «Tunel» shi ne mai kama da rabin tano da aka kifa, bakunan ƙarfe ne a jere, leda ta sauko daga sama har ƙasa. Shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi zafi, domin sau da yawa ba shi da mafitar iska sai ƙofofin kai da gindi. In ya yi tsawo, iskar tsakiyarsa ba ta motsi. «Shapel» shi ne mai miƙaƙƙun bangaye da rufi a sama kamar ɗakin kwana, in an haɗa da yawa gefe da gefe a ce «multishapel». Akwai «kanariyan», mai ginshiƙai da wayoyi da rufi kusan shimfiɗaɗɗe, irin wanda ya cika yankin Agadir na Maroko. Sai «ombiriyar», wadda rumfar inuwa ce kawai ta raga, ba ta hana ruwa, ba ta tara zafi. Mutane da yawa da suka je neman ɗakin leda, wannan rumfa ce ainihin buƙatarsu, kuma kuɗinta bai kai ba.

Game da tsayi, takarda takan ba da lambobi biyu, kuma mai sayarwa ya fi son ambaton babbar. «Fetaj» tsayin ƙololuwar rufi ne. «Otar su sheno» kuwa tsayin bango ne zuwa indararo, inda rufi ya fara. Ta biyun ce ke da muhimmanci, domin ita ke nuna yawan iskar da ke bisa kan shuka. Ƙananan ɗakunan da ake sayar wa masu lambun bayan gida a Turai ba su cika wuce metir 2 a ƙololuwa ba. A ƙasa mai zafi ana son bango ya kai metir 3, in da hali 4, saboda zazzafar iska tana tashi sama, kuma gwargwadon nisanta da kan tomati, gwargwadon lafiyar fure.

A nan ne aka zo ga layin da ya fi kowane nauyi, wato «ayerasiyo», mafitar iska. Iri biyu ce. Ta gefe, inda ake naɗe ledar bango sama da wani ƙarfe mai mariƙi, da ta sama, wadda ake kira «ubiran fetiye», wato taga a ƙololuwar rufi, ko kuma rufi mai hawa biyu da aka bar giɓi tsakaninsu. Ɗaya ba ta wadatar ba tare da ɗaya ba. Iska mai ɗan sanyi tana shigowa ta gefe, mai zafi tana fita ta sama, kamar yadda hayaƙi ke neman kafar rufin madafa. Ɗakin da ba shi da mafita ta sama, zafinsa yana taruwa a ƙarƙashin leda ya sauko kan shuka. Ko a Ingila mai sanyi, masana lambu suna ba da shawarar tagogin rufi su kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na faɗin filin ɗakin. A wuri mai zafi, inda kuma za a sa raga a kan kowace kafa, bai kamata jimillar mafitar ta gaza kashi ɗaya cikin huɗu ba. Misali, ɗaki mai faɗin metir 8 da tsawon 30 filinsa murabba'in metir 240 ne, ke nan yana son aƙalla murabba'in metir 60 na buɗaɗɗen wuri. Mai saye yana iya yin wannan lissafi da alƙalami a gaban mai kaya. In takardar ta ce «ƙofofi biyu da tagogi huɗu» ba tare da awonsu ba, a nemi awon. In an ƙi bayarwa, amsar ta fito.

Raga ita ce abu na gaba, kuma iri biyu ne da ake yawan rikitawa. Ragar inuwa ana auna ta da kashi cikin ɗari na hasken da take tarewa: 30, 50, 70 da sauransu. Ga tomati da tattasai, 30 zuwa 50 ta isa. Wadda ta fi haka takan sa shuka ta yi tsawo siririya tana neman haske, ta rage ƴaƴa. Wannan raga ba ta hana ƙwari, idanunta sun yi faɗi. Ragar ƙwari kuwa ana auna ta da «mesh», wato yawan zaren da ke cikin inci ɗaya, santimetir 2,54. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ido. Farin ƙudan nan ƙarami da ke ɗauko cutar nannaɗewar ganyen tomati, sai raga mai mesh 50 ke tare shi da kyau. Akwai kuma ɗan malam-buɗe-littafin da masana suke kira Tuta absoluta, wanda tsutsarsa ke shiga cikin ganye da cikin ɗan tomati. Asalinsa Amurka ta Kudu, ya shigo Sipaniya a 2006, an gano shi a Nijar a 2013, a 2016 kuma ya yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tomati. Raga mai kyau tana hana shi shiga, muddin ba ta da yagewa kuma ba a shigo da shi cikin dashe ba.

Sai dai raga mai ƙananan idanu tana rage iska ƙwarai, kuma ƙurar hunturu tana toshe ta har sai an wanke. Wanda ya zaɓi mesh 50 dole ya ƙara faɗin mafita, in ba haka ba ya kori ƙuda ya shigo da zafi. Haka nan a duba ko akwai «sas», wato ɗan zaure mai ƙofa biyu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki. Ɗakin raga mai ƙofa ɗaya, duk shigar ma'aikaci shigar ƙwari ce, kuma ƙwaron da ya shiga ya sami wurin da babu mai cinsa. Jan gizon nan mai saƙa a bayan ganye, wanda ke son zafi da bushewa, shi raga ba ta dame shi ba ko kaɗan, a jikin tufafi ma yakan shiga.

Wani abin da takarda ba ta faɗa shi ne raga tana hana ƙudan zuma. Tomati yana iya yi wa kansa barbara, amma sai an girgiza furen. A fili iska ke yi, a cikin ɗaki sai mutum ya bi da safe yana kaɗa igiyoyin da aka ɗaure shuka. Manoman Turai tun ƙarshen shekarun 1980 suke sayen amyar wani babban ƙudan zuma don wannan aiki. Kankana da malo kuwa ba sa yi sai da ƙwari ko da hannu. Kokwamba akwai irin da ke yin ƴaƴa ba tare da barbara ba, shi ake nema don ɗaki.

Leda tana da nata kalmomin. «Mikron» awon kauri ne, kashi ɗaya cikin dubu na milimetir. Ledar rufi ta ƙwarai takan kai mikron 180 zuwa 200. Amma kauri kaɗai ba ya nuna ƙarko. Abin da ke cin leda wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake rubutawa da haruffa UV. Ledar da ba a haɗa ta da maganin wannan haske ba, irin wadda magina ke amfani da ita, cikin ƴan watanni take farfashewa kamar busasshen ganye, komai kaurinta. Ko wadda aka haɗa da maganin, in an rubuta «sezon 4», wato shekarun noma huɗu, sai a tambaya: a ƙarƙashin wace rana? Masu masana'antar leda suna auna ƙarfin ranar shekara da wani ma'auni da ake rubutawa kLy. Yankin Paris yana wajen 100, mafi yawan Nijar kuwa tsakanin 180 da 200. Wato ledar da aka yi wa alkawarin shekara huɗu a arewacin Faransa, a Damagaram kada a sa ran ta yi fiye da rabin haka. Mai sayarwa na gaskiya ya san wannan lamba, ya kuma san wace ce aka yi ledarsa dominta.

«Termik» kalma ce da ake faɗa da alfahari, ana ƙara kuɗi saboda ita. Ma'anarta ledar tana riƙe zafi da dare. A tsaunukan Ayar, wajen Timiya da Tabelot, inda daren Janairu kan kusanci daskarewa, tana da dalili. A Maraɗi ko Gaya kuwa, dare ne kaɗai lokacin da shuka ke samun hutu, kuma tomati ba ya ƙulla ɗa da kyau in daren ma ya yi zafi. Biyan kuɗi don a tsare wannan zafi asara ce biyu. Wadda ta dace ita ce «difuzan», mai ɗan duhu kamar madara, wadda ke warwatsa haske don kada ya ƙona ganye da ƴaƴa. «Anti-buwe» tana hana raɓa taruwa ta ɗiga kan shuka, tana da amfani a Agusta. A kuma sani cewa magungunan ƙwari masu farar wuta da ruwan jabel suna kashe maganin UV ɗin da ke cikin leda, kuma inda leda ta kwanta kan ƙarfe mai zafi nan take fara yagewa, shi ya sa ake shafa farin fenti ko a naɗa ƙyalle a wurin.

Gilashi da «polikarbonat», wato fallen roba mai tauri mai ruɓi biyu da ramuka a tsakani, kaurin milimetir 4 zuwa 16, ba su buƙatar dogon bayani. Kyansu a ido ne, aikinsu riƙe zafi, kuɗinsu mai yawa. Ramukan polikarbonat suna cika da ƙura in ba a toshe bakinsu ba, kuma galibi fuska ɗaya ce aka yi wa maganin rana, in aka kifa shi sai ya yi rawaya ya karye.

Ƙarfen kuwa da iska za a auna shi. Takardun Turai suna ba da layi guda ga nauyin dusar ƙanƙara da rufi zai iya ɗauka, abin da mai garkar Madarunfa zai iya tsallakewa da kwanciyar hankali. Abin tsoro a nan guguwar farkon damana ce, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura, tana kwashe rufin tol da na azuzuwan lakkwal. Ɗakin leda a gabanta kamar tanti ne. A duba faɗin bututun baka: ƙananan ɗakunan talla suna zuwa da milimetir 19 ko 25, waɗanda hannu ma yana lanƙwasawa, na aiki yana farawa daga 32, manya suna kai 60. A duba kaurin jikin bututun, kada ya gaza milimetir 1,5. A duba tazarar bakuna, da ko akwai ƙarafan da aka gicciya a kusurwoyi don kada ɗakin ya kwanta. «Galbanize» yana nufin an lulluɓe ƙarfen da tutiya don hana tsatsa, kuma in an ga Z275, gram 275 ne na tutiya a kowane murabba'in metir, ciki da waje. Fenti ba ya maye gurbinta a wurin da ake ban ruwa kullum. Sannan «ankaraj», wato yadda aka kafa ƙafafu: turakun da ake bugawa a ƙasa ba su riƙe komai a rairayi, sai rami da siminti. Sau da yawa wannan aikin ba ya cikin kuɗin da aka faɗa.

Wasu masu sayarwa suna amsa maganar zafi da kalmar «kulin». Bango ɗaya ne ake cikawa da wani kwali mai ramuka da ruwa ke jiƙawa, a ɗaya bangon manyan fankoki suna jawo iska ta cikinsa. Hikimar randa ce da tulu: ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi. A Maris da Afrilu, da iska take a bushe ƙamas, yana iya sauke zafi da digiri goma. A Agusta, da iska ta cika da laima, amfaninsa kaɗan ne. Yana shan ruwa da yawa, ruwa mai kanwa yana toshe kwalin, kuma ɗakin da aka gina dominsa a rufe yake ko'ina. In wuta ta ɗauke da ƙarfe biyu na rana kuma babu injin ko faifan hasken rana da zai karɓa, cikin sa'a guda ana iya rasa aikin wata uku.

Ya rage abubuwan da ake tarar da su bayan an kafa ɗaki. Ruwan sama ba ya shiga, ke nan ban ruwa na kullum ne, da «gut-a-gut», wato tiyon ɗigo. Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijar: tun farkon shekarun 2000 cibiyar ICRISAT ta Sadore, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dov Pasternak, ta yaɗa garka mai ɗigo da tankin da aka ɗaga kaɗan daga ƙasa, ta kuma fitar da irin tomati Icrixina mai jure zafi. A tambaya ko tiyo da tanki da matatar ruwa suna cikin kuɗin, domin ba tare da matata ba rairayin rijiya yana toshe kafofin ɗigo cikin ƴan makonni. Ɗakin murabba'in metir 240 yana ɗaukar gindin tomati wajen 600. In kowane ya sha lita 2 zuwa 3 a ranar zafi, tano 6 zuwa 9 ke nan na lita 200 kowace rana, ba fashi. Rijiyar da ke ƙafewa a Mayu ba za ta iya ba. Irin da ake shukawa a ɗaki mai hawa igiya ne, galibi mai alamar F1, wanda ba a ajiye ƴaƴansa don shukar baɗi, sai an sake saye. Ƙasar ɗakin kuma, da yake ruwan sama ba ya wanke ta, gishirin taki yana taruwa a kanta, tsutsar saiwar nan mai sa saiwa ta yi ƙululu tana yawaita in ana maimaita tomati bisa tomati.

A kan «garanti», a karanta abin da aka cire daga cikinsa, domin ɓarnar iska ce aka fi cirewa. A tambayi inda ake samun ledar canji da faɗinta, da wanda zai ɗora ta. Ɗakin da sai an aika Turai ko Sin neman ledarsa yakan kwana damana guda tsirara. Maƙeran Yamai da Maraɗi suna iya lanƙwasa bututu su haɗa rumfa mai tsayi da rufi mai hawa biyu, a sayo raga da leda masu inganci kawai daga waje. Ma'aikatan INRAN da na RECA, ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, suna da bayanai kan ƙwarin tomati da irin da ya dace da kowane lokaci, kuma zuwa wurinsu kafin ciniki ya fi zuwa bayan fure ya zube.

Wanda bai taɓa noma a ɗaki ba, ya fi masa ya fara da ƙaramar rumfar renon dashe, ta ƴan murabba'in metir, mai rufin leda da bangon raga mesh 50. A cikinta dashen tomati da tattasai ke yin makonni huɗu zuwa shida na farko ba tare da farin ƙuda ya taɓa su ba, kuma cutar da ta kama shuka tun tana ƙarama ita ce ta fi rage amfani. Wanda kuma ya ƙudura sayen babba, ya nemi mai sayarwa ya kai shi wani ɗakin irinsa da ya riga ya kafa a ƙasar, wanda ya ga damana aƙalla biyu. Ya je a watan Afrilu, da ƙarfe biyu na rana, da ma'aunin zafi a aljihu, ya auna a inuwar waje, ya shiga tsakiyar ɗakin ya auna daidai kan shuka, sannan ya ƙirga ƴaƴan da ke kan reshen fure na uku da na huɗu.